Akwatin Da Ke Manta Saitinsa: Bayani Ga Masu Dikoda A Ƙasar Haɗejiya

Ga wani al'amari da ya daɗe yana haɗa mai saye da mai sayarwa rigima, alhali kuwa sau da yawa babu mai laifi a cikinsu. Shi ne al'amarin ɗan akwatin nan da ake jona wa talabijin, wanda ake kira dikoda, da kuma ƙanensa na zamani mai ɗauko hoto ta intanet. Mutum ya kwanta da dare akwatinsa lafiya lau, hoto tangaran. Gari ya waye ya kunna, sai ya tarar da fuskar talabijin baƙi ƙirin, ko kuwa hoton ya koma fari da baƙi yana ta birgima sama da ƙasa, ko mutanen ciki sun zama dogaye sirara kamar sillen kara. Ba wanda ya taɓa akwatin, bai faɗi ba, ruwa bai shige shi ba. Abin da ya faru shi ne an sabunta masa manhajarsa ta ciki, shi kuwa garin karɓar sabon karatu sai ya manta yadda aka saita shi ya yi magana da talabijin ɗin gidan.

Wanda bai san cinikin ba zai ce abin ƙarami ne. Amma a dubi mai gidan kallon ƙwallo a Auyo ko Guri ko Kafin Hausa, wanda ya sayi man janareta, ya shimfiɗa bencina, matasa sun biya kuɗin shiga sun zauna, ga wasa ya kusa farawa, ga murya tana fita amma babu hoto. Tilas ya mayar wa kowa kuɗinsa, gobe kuma su tafi gidan maƙwabcinsa. A dubi kuma dattijon da ya sa 'ya'yansa suka haɗa masa faranti domin ya riƙa ganin Harami da jin tafsiri cikin watan azumi, aka jera masa tashoshinsa daga ta ɗaya zuwa ta goma, aka mayar masa da rubutun akwatin Larabci domin shi yake iya karantawa. Ran nan sai ya ga rubutu ya koma Turanci, tashoshi sun watse. Shi a ganinsa kaya ya lalace, sai a naɗe a mayar wa mai shago, a ce ya sayar da jabu. Wani ma talabijin ɗin zai ɗora wa laifi, ya sayar da ita a wulaƙance, ya ci bashi ya sayi sabuwa. Ga asarar dukiya, ga zubewar amana, duk a kan abin da danna maɓalli uku ko huɗu zai gyara.

Yadda akwatin ya iso

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, sa'an nan Kaduna ta buɗe tata a 1962. Hoto mai launi ya soma daga Jos a tsakiyar shekarun 1970. A wancan zamani talabijin ita kaɗai take, da eriyarta bisa dogon gora, saitinta duk na murɗawa da hannu ne, kamar murɗa tasha da ƙara murya, saboda haka ba ta da abin mantawa.

Da tauraron ɗan Adam ya shigo sai aka sami ɗan tsakani, watau dikoda, wanda ke karɓar saƙo daga faranti ya fassara shi ya miƙa wa talabijin. DStv ta fara a 1995, StarTimes ta shigo Nijeriya a 2010, GOtv kuma a 2011. Tashar Arewa24 da ta fara a 2014 ta sa gidaje da yawa na ƙasar Hausa suka ɗaura faranti, tare da akwatunan kyauta waɗanda ba a biyan kuɗin wata. Gwamnati ma ta soma sauya watsa shirye-shirye zuwa tsarin dijital, aka ƙaddamar a Jos a watan Afrilu 2016, aka zo Kano a watan Nuwamba 2021.

Can ƙasashen waje kuma aka fito da wasu akwatunan da ba ruwansu da faranti, intanet suke sha. Apple TV ya fito a 2007, Roku a 2008, Chromecast na kamfanin Google a 2013, Fire TV na kamfanin Amazon a 2014, ban da tulin akwatunan Android marasa tsada da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Da yake finafinan Hausa masu dogon zango da karatuttukan malamai sun koma YouTube, irin waɗannan ma sun fara shiga kayan fatake daga kasuwar Alaba ta Ikko zuwa Sabon Gari ta Kano, daga can kuma zuwa shagunan Haɗejiya da Malam Madori. Da mai faranti da mai intanet duk halinsu ɗaya ne a wannan babi, domin kowannensu ƙaramar kwamfuta ce, kuma kowannensu ana sabunta shi.

Abin da ke cikin akwatin

Mai karatu ya sani cewa akwatin yana da ma'aji iri uku, kuma malamai za su fi kowa saurin gane misalinsu. Na farko kamar allo yake, ana rubutu a kansa muddin akwai wuta, da an ɗauke wuta ya wanke tas. A nan yake riƙe hoton da ake kallo a wannan lokaci. Na biyu kamar matanin littafi yake, wanda marubuci ya rubuta tun daga masana'anta. Shi ne manhajar ciki, ita ke gaya wa akwatin yadda zai tashi, yadda zai ji rimot, da yadda zai fassara saƙo ya zama hoto. Wannan ba ya gogewa don an ɗauke wuta. Na uku kuwa kamar hashiya yake, watau ɗan bayanin da mai littafi ke rubutawa da hannunsa a gefen shafi. A nan ake ajiye zaɓin mai gida: harshen rubutu, jerin tashoshi, sunan tauraro da lambobinsa, irin hoton da za a aika wa talabijin, da irin murya.

To, sabuntawa ita ce a kawo sabon kofi na littafin a maye gurbin tsohon. Masu ƙira suna yin haka domin su gyara kurakurai, ko su toshe kafar da ɓarayin intanet ke bi, ko su ƙara wani aiki. Akwatunan biyan kuɗi ta iska ake turo musu, galibi cikin dare. Na intanet su ke ɗauko wa kansu ba tare da sun yi sallama ba. Na kyauta kuwa mai gyara ne ke zuba musu ta filash, abin da yara ke kira filashin.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kwashe hashiya daga tsohon kofi zuwa sabo. Idan mai ƙira ya yi aikinsa da kyau, sai a ɗauki kowane zaɓi a kai shi mazauninsa, mai gida bai ma san an yi wani abu ba. Amma wani lokaci sabon kofin shafukansa sun sauya, abin da ke gida na biyar ya koma gida na bakwai. Ɗan kasuwa ya san irin wannan, in ya sayi sabon littafin bashi wanda layukansa suka bambanta da na tsohon, yaron shago ya kwafe ba lura, sai kuɗin wani ya faɗa gaban sunan wani. Akwatin yana da hanyar auna ko abin da ya tarar ya yi daidai da abin da yake tsammani. In bai yi ba, ba ya yin ƙoƙarin cankar ma'ana, sai ya watsar da duka ya koma yadda ya fito daga masana'anta. A wajen mai ƙira wannan shi ne mafi aminci, a wajen mai gida kuwa shi ne mantuwa. Haka nan idan mai gyara ya zuba cikakken kofi da ya kwaso daga wani akwati, to matani da hashiya gaba ɗaya yake shafewa, akwatin ya dawo gida da saitin wani mutum dabam mai wata talabijin dabam.

Gaisuwar akwati da talabijin

Me ya sa komawa saitin masana'anta ke kashe hoto? Domin talabijin ba yarensu ɗaya ba. Hoton talabijin saɗara saɗara ake rubuta shi, ana kuma maimaita rubutun sau da yawa cikin kowane sakan. Amurka ta tsayar da tsarinta mai launi a 1953, ana kiransa NTSC, mai saɗara 525, ana sabunta hoto kusan sau 60 a sakan. A Jamus wani injiniya mai suna Walter Bruch ya ƙirƙiro tsarin PAL, mai saɗara 625 da sabuntawa sau 50, aka fara aiki da shi a 1967. Faransa ta yi nata, SECAM. Nijeriya ta bi PAL, ya kuma dace da wutar lantarkinta mai bugawa sau 50 a sakan. Jamhuriyar Nijar ta bi tsarin Faransa. Mutumin ƙasar Haɗejiya kuwa yana zaune kusa da iyaka, kaya na shigowa ta Maigatari, ga kuma 'yan kwatano daga Turai da Amurka, saboda haka a unguwa ɗaya sai a sami talabijin iri iri, kowace da yaren da ta taso da shi.

Tsohuwar talabijin mai doro da waya uku ake jona ta, ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na murya. Wannan waya kurma ce, tana kai saƙo amma ba ta dawo da amsa. Akwatin ba shi da hanyar sanin wace talabijin ce a gabansa, abin da aka saita masa shi yake aikawa. Idan ya manta ya koma NTSC alhali talabijin PAL kaɗai take ji, sai launi ya gudu, hoto ya yi ta birgima.

Talabijin ta bango kuwa da wayar HDMI ake jona ta, wadda kamfanoni bakwai suka haɗu suka tsara a ƙarshen 2002, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba. Ita wannan waya tana kai saƙo tana dawo da amsa. Da an kunna, sai akwatin ya yi sallama, talabijin ta miƙo masa 'yar takardar shaida, wadda masu sana'ar ke kira EDID, mai bayyana sunanta da irin hoton da take iya ɗauka, ko mai saɗara 576, ko 720, ko 1080, ko kuwa 2160 wanda ake kira 4K. Akwai kuma gaisuwa ta biyu, HDCP, wadda masu finafinai suka sa domin hana satar kwafi. Idan wannan ba ta ƙullu ba, akwatin yakan ƙi sakin hoto ko da komai lafiya yake.

Yawancin akwatuna daga masana'anta a kan zaɓin nan suke fitowa da ake rubuta shi Auto, ma'ana akwatin ya zaɓa da kansa bisa abin da talabijin ta gaya masa. Wannan yana tafiya daidai idan akwati ɗaya ne da talabijin ɗaya da waya mai kyau. Amma a gidan kallo ba haka abin yake ba. Akwati ɗaya ne ke ciyar da talabijin uku ko huɗu ta hanyar marabar waya, wata sabuwa, wata tsohuwa, wani lokaci har da majigi. Marabar takan miƙa wa akwatin takardar talabijin guda, shi kuwa ya ɗauka duk haka suke. In takardar sabuwar ce ya gani, sai ya aika hoto mai nauyin da tsofaffin ba za su iya ɗauka ba, su yi duhu. Wannan ne ya sa mai haɗawa tun ran farko yakan cire Auto ya kafe akwatin a kan abin da kowace za ta iya karɓa. Wannan kafewa ita ce hashiyar da sabuntawa ke shafewa, mai gidan kallo kuwa bai ma san an taɓa yin ta ba.

Kowace alama da ma'anarta

Wanda ya lura zai iya gane ciwon daga alamarsa. Idan murya na fita babu hoto, ko talabijin ta rubuta cewa ba ta gane saƙon ba, to galibi yawan saɗara ne ya fi ƙarfinta. Idan hoto fari da baƙi ne yana birgima, PAL ne ya koma NTSC. Idan mutane sun miƙe sun rame, ko sun gajarce sun kumbura, to faɗin hoto ne ya sauya tsakanin 4:3 na tsohuwar talabijin da 16:9 na sabuwa. Idan fuskar ta rine ta zama kore ko ruwan hoda, to tsarin aika launi ne ya saɓa. Idan launi ya koɗe kamar an yi hazo, akwatin ya kunna wani tsarin haske da ake kira HDR wanda talabijin ɗin ba ta iya shi sosai ba. Idan ƙwallo na tafiya tana ɗan tsalle tsalle, to wasan da aka ɗauko a kan 50 ne akwatin ke aikawa a kan 60. Idan kuma hoto ya fito murya ce ta ɗauke, a duba ko ya koma Dolby, a mayar da shi PCM. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ƙonewa ba ce, ba kuma shaida ce ta jabu ba.

Wuta da ruwan sama da ambaliya

Akwai abin da ya sa wannan matsala ta fi ciwo a ƙasar Haɗejiya bisa ga manyan birane. Na farko wuta. Sa'ad da akwatin ke rubuta sabon matani, yakan share tsohon sashe sashe yana maye gurbinsa. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki, ko man janareta ya ƙare, ko batirin sola ya yi sanyi, sai a bar shi da rabin littafi. Wannan ya wuce mantuwa, domin akwatin ba zai ma tashi ba, sai dai ya tsaya yana nuna 'yar fitila. Akwatuna masu tsada sukan ajiye kofi biyu, in sabon bai kammala ba su koma wa tsohon. Masu araha da yawa ba su da wannan gata, sai an kai su ga mai gyara ya sāke zuba musu ta waya.

Na biyu ruwan sama. Saƙon tauraro da ƙananan farantai ke kamawa yana raunana idan hadari ya haɗu, kowa ya san yadda hoto ke daskarewa da an fara yayyafi mai ƙarfi. Sabuntawar da ke zuwa ta iska ita ma ta wannan hanya take bi, saboda haka takan yanke ta sāke farawa, mai gida ya gaji da jira ya zare waya, shi ne kuwa abin da bai kamata ba.

Na uku kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗejiya ya dogara ga damina da kuma sakin ruwa daga sama, ga ciyawar kacala da ta toshe magudanai a fadamun Haɗejiya zuwa Nguru. A shekarun ambaliya, kamar 2020 da 2022, garuruwa da yawa na Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri sun yanke daga hanya, wasu sai da kwalekwale. Mutumin birni in akwatinsa ya rikice, ɗan taki kaɗan zai yi ya isa shagon mai gyara. Mutumin fadama kuwa yini guda zai kashe, da kuɗin jirgi da na babur, ya bar gonar shinkafarsa ko komarsa, domin a danna masa maɓalli. Mafi ban takaici, mai gyara zai saita akwatin da talabijin ɗin shagonsa, hoto ya fito tangaran, a koma gida a jona da tsohuwar talabijin a sāke ganin duhu. Haka nan waɗanda ruwa ya tasa suka kwashe kaya zuwa gidan dangi sukan jona akwatin da wata talabijin, su ga ya ƙi, su zaci laima ce ta shige shi.

Darasi daga waje

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan masana'antu kaɗai ke tuntuɓe, kada kuma ya ɗauka sabuntawa abokiyar gaba ce. Ranar 9 ga Maris 2025 akwatunan Chromecast ƙirar 2015 suka daina aiki a ƙasashe da yawa lokaci guda. Dalili shi ne wata takardar shaida da ke cikinsu an ba ta wa'adin shekara goma, wa'adin ya cika ba a sabunta ta ba. Kamfanin Google ya fito ya roƙi jama'a kada su mayar da akwatunansu saitin masana'anta, domin wanda ya yi haka zai goge hanyar da akwatin ke bi ya hau intanet, gyaran kuwa ta intanet zai zo. Bayan 'yan kwanaki aka turo gyaran, waɗanda suka yi haƙuri nasu ya tashi da kansa, waɗanda suka yi gaggawar gogewa kuwa sai da suka ƙara jira da wahala. A nan sabuntawa ce ta zama magani, gaggawa kuma ta zama cuta. Saboda haka ba a cewa a guje wa sabuntawa ɗungum, balle ga akwatin da ke hawa intanet. Abin da ake nema shi ne a shirya mata.

Abin da ya kamata a yi

Maganin farko alƙalami ne da takarda. Ranar da aka haɗa kaya hoto ya fito yadda ake so, a sa mai haɗawa ya buɗe shafin saitin hoto, a kwafe abin da ke ciki: PAL ne ko wani, 576 ne ko 720 ko 1080, 50 ne ko 60, 4:3 ne ko 16:9, da sunan tauraro da lambobin tashoshin da aka fi kallo. Wanda ba ya karanta boko ya rubuta bayanin da ajami, ya zana lambobin da haruffan yadda ya gan su, ya kuma rubuta sau nawa ake danna ƙasa, sau nawa dama, kafin a isa wurin da ake sauya harshe zuwa Larabci. Mai wayar hannu ya ɗauki hoton shafin. A liƙa takardar a ƙarƙashin akwatin ko a bayan talabijin. Akwatunan kyauta da yawa suna da wurin kwashe jerin tashoshi a zuba a filash, a nemi mai gyara ya yi haka kafin ya taɓa komai.

Na biyu zaɓen lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gidan kallo kada ya yarda a sabunta masa akwati ranar babban wasa, mai gida kuma kada ya bari sai jajibirin azumi. A zaɓi safiya, sama garau, janareta da mai ko batiri a cike. Idan akwatin yana da wurin hana shi sabunta kansa, mai sana'a ya hana shi, ya riƙa yi da hannunsa ranar da ba kowa. Idan kuwa ya riga ya fara, ana ganin layi yana cika a fuskar talabijin, to a ƙyale shi ya gama, kada a zare waya ko da ya daɗe.

Na uku, in duhun ya riga ya zo, a bi a hankali daga mai sauƙi. A kashe duka, a kunna talabijin tukuna, sa'an nan akwatin, domin su sāke gaisawa. A cire marabar waya a jona akwatin kai tsaye da talabijin mafi sabunta, a shiga a gyara saitin, kāna a mayar da marabar. Idan akwatin yana da ramin waya ruwan ɗorawa, a gwada ta, domin sau da yawa tana nuna hoto ko da HDMI ta ƙi. Rimot na dikoda da yawa yana da maɓalli na musamman wanda ke sauya yawan saɗara duk sa'ad da aka danna, ko da ba a ganin komai, a danna a ɗan jira, a sāke dannawa har hoto ya fito. A Fire TV ana danne maɓallin sama da na mayar da fim baya tare na 'yan sakanni, sai ya riƙa gwada iri iri da kansa. Wanda ke amfani da 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa waya uku ya duba gefenta, akwai ɗan makunni mai PAL da NTSC. A busa ƙurar hunturu daga ramukan, a gwada wata waya. Mayar da akwati saitin masana'anta shi ne matakin ƙarshe, domin abin da sabuntawa ta rage shi zai ƙarasa shafewa.

Magana ga masu shaguna

Ɗan kasuwar da ke sayar da waɗannan kaya shi ya fi kowa cin ribar wannan bayani, domin a kansa ƙura ke tashi. Ya kamata ya tambayi mai saye wace irin talabijin ce gare shi tun kafin ya karɓi kuɗi, ya saita akwatin daidai da ita, ya rubuta saitin a bayan rasit. In an dawo masa da kaya kada ya yi fushi, ya jona ya nuna wa mai shi a gaban idonsa, gani ya kori ji. Mai gyara kuma kada ya zuba wa akwati manhajar da ba tasa ba don kawai kwalinsu ya yi kama, domin akwatuna biyu masu suna ɗaya sukan bambanta a ciki. Idan abin da ya yi danna maɓalli ne kawai, ya faɗi gaskiya ya karɓi ladan danna maɓalli, ya kuma koya wa mai kayan, musamman wanda ya ƙetaro ruwa ya zo. Wanda aka yi wa haka shi zai kawo 'yan garinsu gobe.

Mai saye kuma ya yi adalci. Kafin ya kira ɗan'uwansa mayaudari a tsakiyar kasuwa, ya tuna cewa wanda ya sauya wa akwatin karatu yana can wata ƙasa, bai taɓa ganin talabijin ɗin gidansa ba. Ya ɗauko takardarsa, ya duba saɗara da faɗi da tsarin launi, ya mayar da kowanne mazauninsa. In ya yi haka hoto bai dawo ba, sa'an nan ya nufi shago. Allah ya tsare dukiyar kowa, ya sa albarka a kasuwa, ya kawo damina mai sauƙi ga mutanen fadama, amin.